Hattara da mai tallan lens ɗin "f/2.8" da ke rufe rubutu da baƙin salatif

'Yan'uwa masu ɗaukar hoto, akwai wani mutum, ko wasu mutane, da ke tallata lens mai zuƙowa a intanet da sunan f/2.8 (lambar faɗin ƙofar haske ce, in ta ƙanƙanta haske ya fi shiga), kuma ni na faɗa hannunsu. Ba zan ambaci suna ba, don sunan da ya yi amfani da shi a kaina ya riga ya sauya shi, kuma ina kyautata zaton na wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Salon damfarar ne bai sauya ba, shi zan bayyana muku.

Kyamarata irin mai ƙaramin sensa ce, APS-C, kuma shekara da shekaru ina fama da lens ɗin da ta zo da shi a kwali, wato 18-55mm f/3.5-5.6. Duk wanda ya taɓa ɗaukar taro cikin ɗaki da wannan lens ya san halinsa. Da rana a fili ba ka da ƙorafi. Da zarar an shiga inda haske ya yi ƙaranci, ka zuƙo fuskar mutum zuwa 55mm, sai ƙofar hasken ta tsuke zuwa f/5.6, shota, wato saurin ɗauka, ta sauko 1/30 na daƙiƙa, ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya haura 3200. Mutum ya ɗan juya kai, fuska ta dagule. Maganin wannan shi ne lens ɗin da ke riƙe f/2.8 tun daga farkon zuƙowa har ƙarshe. Tsakanin f/5.6 da f/2.8 mataki biyu ne, hasken da ke shiga ya ninka sau huɗu. Hoton nan na 1/30 zai koma 1/125 ba ka taɓa ISO ba, ko ka bar shotar yadda take ka sauko da ISO zuwa 800. Abin da ake biyan kuɗi dominsa ke nan, ba wani abu ba.

Masu arahar wannan aji sanannu ne: Tamron 17-50mm f/2.8 da ya fito a 2006, Sigma 17-50mm f/2.8 na 2010, da tsohon Sigma 18-50mm f/2.8 mai tambarin EX. Na hannu nake nema, don sabo ya fi ƙarfin aljihuna. Ina cikin dube-dube sai na ci karo da talla: "Sigma 18-50mm f/2.8, kamar sabo, gilashi tas, yana da OS." Kuɗin da ya sa bai fi rabin yadda ake sayar da irinsa ba.

Hotuna biyar ya ɗora. Har yanzu suna wayata, nakan buɗe su in yi wa kaina dariya. A hoton da ya nuna gaban lens ɗin, babban yatsansa ya sauka daidai inda rubutun ya ƙare, ana ganin "18-50mm 1:2.8" sai farce. A na gefe kuma akwai ɗan guntun baƙin salatif manne a jikin gangar. Na tambaye shi na mene ne, ya ce, "Yallaɓai, ai haka ƙwararru ke yi, don kada jikin ya goge a jaka." Kuma gaskiya ne wasu na yin hakan, shi ya sa maganar ta shige ni.

Ga inda gizo ke saƙar. Sigma sun yi lens da dama masu kama da juna a suna, biyu ne suka shafi maganar nan. Akwai 18-50mm f/2.8 EX DC, wanda ke riƙe 2.8 ko'ina. Akwai kuma 18-50mm f/2.8-4.5 DC OS HSM na 2009, wanda 2.8 ɗinsa a 18mm kaɗai yake, kana zuƙowa yana tsukewa har ya kai 4.5. Kamfanin bai ɓoye wa kowa komai ba, ya rubuta a jikin lens ɗin ɓaro-ɓaro, ya kuma sayar da shi a matsayin mai sauƙin kuɗi. Ɗan karan ɗorin nan da lambar da ke bayansa su ne babban bambancin, kuma su ne yatsa da salatif suka rufe. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne amsar tana cikin tallar tun farko. Mai tambarin EX ɗin ba shi da OS, wato na'urar rage rawar hannu. Duk 18-50mm na Sigma da ka ga maɓallin OS a gefensa, mai tsukewa ne. Mutumin har alfahari ya yi da OS ɗin, ni kuma na ɗauka ƙarin garaɓasa ce. Minti biyu a shafin kamfanin da sun ishe ni.

Na nemi ya turo min hotunan da aka ɗauka da lens ɗin. Ya turo uku: fuskar wani yaro, baya ya narke sumul, ido ya fito ras. Ta manhajar hira ya turo su, irin wadda ke matse hoto ta goge bayanan EXIF, wato bayanan da kyamara ke rubutawa cikin fayil ɗin hoto, don haka ba yadda zan san da wane lens aka ɗauka, a wane tsayi, da wace ƙofar haske. Na ce ya turo asalin fayil ɗin, ya ce katin ba ya kusa. Na ce to ɗan bidiyo fa, ya ce ya riga ya sayar da kyamarar, lens ɗin ne kawai ya rage. Sai ya kawo ta gaggawa: tafiya ce ta taso masa, mutum biyu na jira, ɗaya ma ya yi alkawarin turo kuɗi da yamma, amma shi ya fi son ya sayar min don ya ga na san darajar kaya. Ya ce mu bar tsarin biyan kuɗi na dandalin da ya ɗora tallar, wanda ke riƙe kuɗi sai kaya ya iso, wai suna cire kaso mai yawa, in tura masa kai tsaye ya ƙara rage min wani abu. Na tura. Banza ba ta kai zomo kasuwa, na san karin maganar tun ina yaro, amma a ranar ko tuna ta ban yi ba.

Bayan kwana shida kaya ya iso, an naɗe shi da kyau har da kumfar kariya. Na ɗaura a kyamara, na sa ta a yanayin da ni ke zaɓar ƙofar haske, na murza zuwa 2.8. Ya karɓa, raina ya yi fari. Na fara juya zoben zuƙowa a hankali ina kallon allo: 2.8, 3.2, 3.5, 4, 4.5. Na komo baya, na sake. Haka dai. Na sa farce na ɓanɓare salatif ɗin, ga "-4.5" nan a zaune, fari tas, ko ƙwarzane babu.

Ku lissafa abin da na saya. A 50mm, f/2.8 ya fi f/4.5 haske fiye da ninki biyu da rabi. Tsakanin 4.5 da 5.6 ɗin tsohon lens ɗina kuwa kashi biyu cikin uku na mataki ɗaya ne kacal. Hoton da nake ɗauka a 1/30 ya koma 1/50. Fuskar da ke dagulewa tana nan tana dagulewa.

Da dare na kashe fitilar ɗaki, na cire murafu biyun, na haska tocilar waya ta baya ina leƙe ta gaba a karkace. Ƙura na nan, wannan ba komai, galibin lens masu zuƙowa suna shaƙar iska suna fitarwa, kuma 'yan ƙwayoyin ƙura ba sa bayyana a hoto. Amma a gilashi na ciki, daga gefe, akwai wasu farare-fararen zare da suka yi rassa kamar saƙar gizo-gizo. Funfuna ce, irin wadda ke kama gilashin da aka ajiye a wuri mai laima da duhu. Idan ta daɗe takan ci rufin da ke kan gilashin, ko an goge ta tabon na nan. Alamarta a hoto ita ce ka fuskanci taga ko fitila, sai hoton ya yi fari-fari kamar an ɗauka cikin hazo. A hotunan tallar an haska lens ɗin ta gaba da haske mai laushi, inda ba za ta taɓa nunawa ba.

Na rubuta masa. Amsarsa ta farko ita ce, "Maigida, na ce f/2.8, kuma yana yin 2.8. Ina ƙaryar?" Na tura masa hoton salatif ɗin a tafin hannuna. Ya karanta, bai ce uffan ba. Washegari lambar ba ta shiga, tallar ta ɓace. Na kai ƙara wurin masu dandalin, suka ce tunda cinikin a wajen tsarinsu aka ƙarasa shi, abin da za su iya shi ne rufe asusun. Ban ga laifinsu ba, gargaɗin na nan rubuce a shafin, ni na tsallake shi.

Mako biyu bayan haka na sake ganin hotunan nan biyar, yatsan nan dai, salatif ɗin nan dai, ƙarƙashin wani suna daban. Na yi magana a ƙasan tallar, sai wata mai ɗaukar hoto ta biyo ni ta saƙo ta ce ita ma ta biya. Ita ko lens ɗin ba ta samu ba, lambar bin sawun kaya aka ba ta wadda ba ta nuna komai. Ashe ni mai sa'a ne. Hotunan yaron nan uku kuwa, da na saka su a Google Lens, sai ga su a wani tsohon sharhi na wani lens daban gaba ɗaya, marar zuƙowa ma.

Yanzu ga abin da nake nema kafin in tura ko sisi. Bidiyo ɗaya, ba yanka: a nuna takarda da sunana da kwanan wata an rubuta da hannu, a nuna zoben gaba rubutunsa duka ba yatsa a kai, a nuna lambar siriyal, a ɗaura lens ɗin a kyamara, a sa 2.8, a zuƙo har ƙurya ina ganin allo. In lambar ta motsa, magana ta ƙare. Wanda ya ce ba shi da kyamara, to ya kai lens ɗin ƙarshen zuƙowa ya ɗaga shi ga haske a ga faɗin ramin ta gaba. Lissafin mai sauƙi ne, tsayin lens a raba da lambar f: 50 a raba da 2.8 ya ba da kusan milimita 18, a raba da 4.5 kuwa kusan 11. Ido na iya bambance su. Wannan dabarar tana aiki ne a lens ɗin da ƙofarsa ke zama a buɗe in an cire shi, kamar na Canon EF. Na Nikon F galibi ƙofar a tsuke take zama, sai an tura ɗan ƙarfen da ke baya da yatsa.

Kada kuma a dogara da EXIF kaɗai. Yana da amfani in asalin fayil ne, amma da manhaja irin ExifTool ana iya rubuta sunan kowane lens a kan kowane hoto. Sannan ba 18-50mm ne kaɗai ke da irin wannan ɗan'uwa ba. Sigma 17-70mm akwai f/2.8-4.5, akwai f/2.8-4, duka masu tsukewa, alhali Tamron 17-70mm na kyamarori marasa madubi f/2.8 ne tsayayye. Mai son ya ruɗe ka lambar farko kawai zai rubuta.

In kuwa lens ɗin na hannunka kafin biya, bayan gwajin tocila, ka samu bango mai bulo ko shafin jarida a manne, ka tsaya daidai gabansa, ka ɗauka a 2.8 a farkon zuƙowa da ƙarshe. Ka buɗe hoton ka duba kusurwoyi huɗun. Lens mai araha kusurwoyinsa kan yi ɗan laushi a 2.8, su gyaru in an tsuke zuwa 4 ko 5.6, wannan halinsa ne, ba aibi ba ne. Abin gudu shi ne gefe ɗaya ya fito ras, ɗayan ya dagule. Wannan alama ce ta gilashin ciki ya goce daga tsakiya, galibi saboda faɗuwa, kuma gyaransa kan kusa cinye kuɗin lens ɗin. Ka dubi kawunan ƙananan kusoshin da ke baya, in sun cinye ko sun ƙwarzane, an taɓa buɗe shi. Ka leƙa ganyayyakin ƙofar haske, su zama busassu, in suna ƙyallin mai za su riƙa jinkirin rufewa, hoto ya yi ta fitowa da haske fiye da kima. Ka jera batura uku a karkace, ka sa fokas kan na tsakiya sau biyar, ka ga ko yana faɗawa gaba ko baya. Ka juya zoben zuƙowa kyamara na kunne, don wayar ciki da ta fara tsinkewa takan yanke magana tsakanin lens da kyamara a wani tsayi kawai, a Canon sai ka ga saƙon matsala na Err 01 a allo.

Lens ɗin yana nan a wurina cikin wata roba shi kaɗai, nesa da sauran kayana saboda funfunar. Wani ya ce in mayar da salatif ɗin in sayar in huce asara, na ce masa a'a. In kun ga talla mai hoto biyar, babban yatsa a kan rubutu, guntun baƙin salatif a gefen ganga, da maɓallin OS a jikin 18-50mm da aka kira f/2.8, ku danna wurin kai ƙara. Sau uku ke nan ina sa a sauke ta, tana dawowa da sabon suna.