Majalisa ko gida kai tsaye: wanne ya fi sauke gajiyar aiki?

Ɗan'uwa, ka ce a cikin Abuja kake aiki, kana zaune a Mararaba, kuma kafin ka kuɓuta daga cunkoson Nyanya Magriba ta kawo jiki. Kana tambaya ko ka riƙa tsayawa majalisa ka huce kafin ka shiga gida, ko kuwa ka wuce kai tsaye, tun da uwargida ta fara ƙorafin yara ba sa ganinka. Na ɗanɗana duka biyun, ga abin da na gani.

Mu fara da majalisa, don ba na son a raina ta. Ka zauna a benci, ga ɗan buta kan gawayi, ana ɗaga hannu ana tsiyayo shayi har kumfa ta cika kofi, wani na musun ƙwallo, wani na lissafin kuɗin mai. Kafin ka ankara faɗan da oga ya yi maka da rana ya bar zuciyarka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2007 wasu masu bincike biyu, Sabine Sonnentag da Charlotte Fritz, sun ware abubuwa huɗu da ke dawo wa ma'aikaci da ƙarfinsa, ɗaya daga ciki shi ne ya cire tunanin aiki daga ransa ɗungurungum, ba wai ya bar ofis kawai ba. Majalisa ta iya wannan. A nan ne kuma za ka ji wanda ba shi da lafiya da wanda aka yi wa haihuwa, zumunci ya ɗore.

Illarta ita ce ba ta da lokacin tashi. "Bari in ɗan zauna" ne ke kai mutum zagaye na uku. Shayin nan kuma yana ɗauke da sinadarin kafeyin (caffeine) mai kore barci, wanda kusan rabinsa na nan a jiki bayan kamar awa 5. Ka sha da ƙarfe 9, ƙarfe 2 na dare bai gama sakinka ba, ga shi babba na bukatar barcin aƙalla awa 7, kai kuma da asuba za ka fita don ka riga cunkoso. Gajiyar da ka sauke a benci sai ta jira ka da safe. Ya kuma inganta cewa Annabi (SAW) ba ya son hira bayan Isha'i.

Wucewa gida kai tsaye riba ɗaya babba gare shi: za ka iske yara idonsu biyu. Amma yana da nasa tarkon, kuma shi na fi ji maka tsoro. Mutum ya shiga da gangar jiki, zuciya na can ofis. Ya kishingiɗa da takalmi a ƙafa, waya a hannu, saƙonnin WhatsApp na wurin aiki na ta shigowa. 'Yarsa ta zo da littafi tana cewa "Baba ka ga, na ci goma bisa goma", ya ce "uhm" bai ko ɗago kai ba. Ta sake magana, ya daka mata tsawa. Yarinyar nan ta wuni tana jiran wannan lokacin fa. A Faransa tun Janairun 2017 doka ta amince wa ma'aikaci da haƙƙin kauce wa saƙonnin aiki bayan an tashi. Mu dai kowa shi zai gindaya wa kansa wannan iyaka.

In ni ne kai, gida zan zaɓa, amma ba zan faɗa masa da zafin hanya ba. Sauka daga mota kafin mahaɗarku, ka taka minti 15 ko 20. A kwana biyar ka samu kaso mai tsoka na minti 150 na motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so a mako. Yi Magriba a masallacin unguwa, gaisa da 'yan majalisa a tsaye. Ka yi sallama, ka watsa ruwa, ka sauya kaya, waya ta zauna a caji a wani ɗaki har Isha'i. Ka nemi uwargida ta ba ka minti goman farko, kai ma ka tuna ta wuni a tsaye, ka karɓar mata yaron da ke goye. Da aka tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) ke yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita.

Doguwar hira ka bar wa ranakun Juma'a da Asabar da daddare. Sai dai ranar da ka taso ranka a ɓace sosai, har kana jin kowa ya taɓa ka zai sha faɗa: ranar nan zauna a majalisa rabin awa, ka kira ta ka gaya mata inda kake, in kofi ya zagayo ka ce a ba na kusa da kai.