Ƙamus mai kauri ko ɗan littafin harsuna huɗu?

Ƙanina, tsakanin ɗan littafin aljihun nan mai Hausa da Turanci da Faransanci da Larabci a jere, da ƙamus mai kauri na Hausa da Faransanci mai fuska biyu, ɗauki mai kaurin. Duka biyun sun shiga hannuna. Ɗaya yana cikin jakar tafiyata har gobe, ɗayan kuwa da shi yara suka hura gawayi, ban ko bi ba'asi ba.

Kalma guda mai harafi biyu ce ta sa na sayi ƙamus ɗin. Farkon zuwana Kwatano ke nan, mun bi ta Jibiya da Maraɗi da Dosso. Muddin kana wannan yanki Hausarka ta ishe ka, sai ka ƙetare Gaya ake fara yi maka Faransanci zalla. Na miƙa wa wani ma'aikaci takarduna, bai ko ɗago kai ba ya ce “là, là”. Ni kuwa ɗan makarantar allo, la ɗaya na sani, ta La ilaha, wadda ke kore abu. Na ce shi ke nan, an hana. Na koma gindin bishiya na yi tagumi har aka kira la'asar. Wani direba Badamagare ne ya ji labarina, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Alhaji, can ya ce maka. Tagar can.” Ashe tun azahar hatimi ke jirana.

A dawowa na tsaya Maraɗi na sayi ƙamus ɗin, kwance ma, bangonsa ya sha hannu. Na buɗe wajen la na tarar da biyu: mai 'yar alama a kai tana nufin can, maras alamar kuma ita ake sa wa sunan da aka ɗauka mace. Babu ruwan ko ɗaya da a'a.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne korewar Faransanci. Bafaranshe yana sa kalmar “ne” a gaban aikatau, pas a bayansa, ya rufe shi ciki, tamkar yadda muke cewa ba ta zo ba. Da na gane haka sai na daina hadda, na koma ɗora tasu a kan tamu. Ita pas ɗin asalinta taki ne, na ƙafa, irin mu ce ban yi ko taki ɗaya ba, har ta zama ita ce korewar kanta. Shi ya sa a bakin tasha za ka ji sun haɗiye “ne” ɗin, sun bar pas ita kaɗai.

Ta fuskar Hausa ma ya yi wa kalmar “ba” adalci, ya raba ta gida-gida da misalai. Akwai ta bai zo ba, mai buɗewa da rufewa. Akwai doguwar ta ba ya zuwa, wadda ba ta da ta biyu. Akwai ta ba shi ba ne, da ta ba kuɗi wadda ƙanwar babu ce, da ta ka ji ba?, da wadda ke kan Bakatsine. Ga kuma ta bayarwa. Duba ba ni kuɗi da ba ni da kuɗi: da ce kaɗai tsakaninsu, amma ɗaya roƙo ne ɗaya hana bashi. Mu da muka sha a nono ba ma lura, sai ka zo fassara wa baƙo.

Ɗan littafin aljihun, to, ba ya da nauyi, kuma yana da lambobi da sunayen kwanaki. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Layi ɗaya ya ba kalmar “ba”: not, pas, la. Wanda ya yi ko Ajurumiya, ɗan littafin nahawun Larabci, ya san Larabci bai tsaya a la ba, akwai lam ta abin da ya wuce, irin ta lam yalid, da lan ta abin da ke tafe, da laisa, da ma. Ita ma ɗin nan kuwa 'yar yawo ce: a Larabci korewa ce ko tambaya, a Faransanci tawa, a Yarabanci kada, a wajenmu ni ma. Haka ma kalmar “ne” ɗinmu ta “shi ne”: Bagirke ya ce ne ya amsa, mutumin ƙasar Cek ya ce ne ya ƙi. Babarbare ne dai ya yi mana kara, ba ɗinsa babu ce.

Ba ka tambaya ba, amma yi hattara da masu talla a tasha da bakin masallacin Juma'a. Wasunsu hoton littafi suke ɗauka su yi masa bango mai ƙyalli su naɗe a leda, su ce ba a buɗewa sai an biya. Ni an taɓa sayar mini da wanda ya tsallake daga shafi na 48 zuwa na 65, kuma duk ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ta goge, ƙafa ta koma kafa. Sa a yage ledar a gabanka, ka bi lambar shafi, sannan ka buɗe harafin B. In ka ga kalmar “ba” guda ɗaya tilo, mayar masa da kayansa. In ya ƙi buɗewa, wuce gaba, ka ba wani direban Maraɗi da ka yarda da shi sallahu.