Ondansetron bayan tiyata: ya iya tsayar da amai, amma shi kaɗai bai isa ba

Cikin majinyata goma da aka sa wa maganin barci aka yi musu tiyata, kusan uku kan farka da tashin zuciya ko amai. Ga wanda aka ɗinke wa ciki ko aka yi wa aikin ido, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yunƙurin amai yana jan ɗinki, kuma abin da ya fito na iya sarƙe mutum ya shiga huhu idan bai gama farfaɗowa ba. Maganin da likitocin sa barci suka fi ɗauka don rigakafi shi ne ondansetron, wanda kamfanin Glaxo ya fitar da sunan Zofran, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1991.

Aikinsa shi ne toshe wuraren da sinadarin serotonin ke kamawa a jijiyoyin hanji da cibiyar amai ta ƙwaƙwalwa. Babban mutum ana yi masa miligiram 4 ta jijiya, a tura a hankali. Yaro kuwa miligiram 0.1 a kan kowane kilo, kada jimillar ta wuce 4. Kuskuren da aka fi yi yana wajen lokaci. Ƙarfinsa a jini yana raguwa da rabi cikin awa uku zuwa huɗu, don haka idan aka ba da shi a farkon doguwar tiyata, kafin mutum ya buɗe ido ya yi sanyi. A bari sai ana gab da kammala aiki.

Abin yabo, ba ya sa gyangyaɗi, ba ya jinkirta farfaɗowa. Rauninsa kuma, ya fi ƙarfi a kan amai fiye da tashin zuciya, sai ka ga majinyaci bai yi amai ba amma yana ta jin jiki. Haɗarin amai da tashin zuciya ma da kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai yake rage shi. Shi ya sa ake ƙirga abubuwa huɗu na ma'aunin Apfel, wanda ake auna haɗarin amai bayan tiyata da shi: kasancewa mace, rashin shan taba (abin mamaki, amma haka yake), tarihin amai bayan tiyata ko a mota, da karɓar magungunan ciwo dangin mofin. Wanda ba shi da ko ɗaya haɗarinsa kusan kashi 10 cikin ɗari ne, mai huɗun kuwa ya kusa 80. Irin wannan dole a haɗa masa da wani maganin, dexamethasone, miligiram 4 zuwa 8 da zarar barci ya ɗauke shi, a kuma sa ido a kan sukarin jininsa idan yana da ciwon sukari.

Idan an yi rigakafi da ondansetron amma amai ya zo cikin awa shida, ƙara shi ɓata magani ne. A koma wani mai hanyar aiki daban, kamar droperidol ko promethazine.

Illolinsa na yau da kullum ciwon kai ne da taurin bayan gida. Wadda ta fi tsanani ita ce tsawaita tazarar QT, wato lokacin da zuciya ke ɗauka ta buga ta kuma shirya wa bugu na gaba, dalilin da ya sa aka janye allurar miligiram 32 ta lokaci guda a 2012. Mai wannan matsala tun haihuwa a guje masa shi, wanda sinadarin fotasiyam ko magnesiyam ɗinsa ya yi ƙasa a fara gyara su. Mai ciwon hanta mai tsanani kada ya wuce miligiram 8 a rana, kuma ba a haɗa shi da apomorphine (maganin cutar Parkinson) ko kaɗan, don hawan jini na iya faɗuwa warwas.