Kafin ka zuba kuɗinka a injin gudu: kayan motsa jiki da suka dace da gidajen Sakkwato

A ɗakin baƙi na gidan yayana a Mabera akwai wani injin gudu, irin wanda ake tafiya ko gudu a kan bel mai juyawa, da aka kawo masa daga Kano. Likita ne ya ce masa sukarinsa ya fara hawa, ya rage tumbi, shi kuwa Yaya bai yi wata-wata ba ya tura kuɗi. Mako biyu ya hau shi. Yanzu a kansa ake rataya babbar riga da rawani, yara kuma sun mai da shi mota. Tun daga nan, duk wanda ya tambaye ni abin da zai saya don ya motsa jiki a gida, ni ma tambayarsa nake yi: yaya wutar unguwarku, yaya faɗin tsakar gidanka, yaya gwiwarka?

Abin da ake nema bai kai yadda masu talla ke zuzuta shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsin da ke sa numfashi ya ɗan ɗaga, sannan aƙalla kwana 2 a mako na aikin ƙarfafa tsoka. Wato abu biyu za ka saya wa kaya: na farko zuciya da numfashi, na biyu ƙwanji, cinya da gadon baya. Na biyun ne ke sa jiki ya ɗaure, kuma shi ne mutane suka fi mantawa.

Injin gudu yana yin aikin farko kawai, ga tsada. Yana jan wuta sosai, ƙaramin janareto ba ya ɗaukarsa, kuma hawa da saukar wuta na iya ƙona masa kai. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin bel ɗinsa, sai an riƙa sharewa ana sa masa mai na musamman. In ya lalace, mai gyara sai an yi cigiya. Wanda ke da sola mai ƙarfi da ɗaki mai iska, ko uwargidan da fita ke yi mata wuya, to yana iya yi musu amfani, amma a duba adadin kilo da aka rubuta zai iya ɗauka, kuma kada a biya na hannu sai an hau shi minti goma an ji bel ba ya sulɓewa. Ga sauran jama'a, tafiya da sauri bayan sallar asuba, a zagaya unguwa ko a nufi wajen filin wasa na Giginya, tana yin wannan aikin ba ko sisi.

In dai sai an sayi inji, ni keken motsa jiki na fi yarda da shi. Ba ya buƙatar wuta, ba ya dukan gwiwa, mai jiki da dattijo duk za su iya. Mai birkin maganaɗisu ya fi tsada amma shiru yake, ba za ka tayar da mutanen gida ba. Mai birki na fata yana ƙara, fatar kuma tana cinyewa. Abin dubawa shi ne sirdi: ya zama ana ɗaga shi ana saukewa, ta yadda in ƙafa ta kai ƙasa gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan.

Igiyar tsalle kuwa kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba, amma minti biyar a kanta sai ka ji kamar ka yi dambe. Wajen awo, taka tsakiyarta, hannuwanta su kai maka hammata. Sai dai ba ta kowa ba ce. Mai nauyi sosai ko mai ciwon gwiwa ya bar ta tukuna, kuma a kan daɓen siminti ba takalmi, idon sawu ne zai biya bashin. Tsakar gida mai rairayi ta fi.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, wato kayan ƙarfi, don nan ne ake asarar kuɗi ba dalili. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25 kilo 25 ce in ta cika, galan mai lita 4 kilo 4, robar ruwa mai lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi. In ka zuba yashi maimakon ruwa, nauyin ya ƙaru da kusan rabi. Ka ga kana da ƙarafan ɗagawa a bayan ɗaki ba ka sani ba, kuma sun fi na kanti wani abu guda: kana iya ƙara lita ɗaya duk mako. Tsoka ba ta ƙaruwa sai ana ƙara mata kaya sannu a hankali, shi ya sa ƙarfe mai kilo 2 da aka ƙera a dunƙule, komai kyawun fentinsa, wata ɗaya zai yi maka ka wuce shi. In za ka sayi na kanti, nemi mai faifai da ake cirewa ana ƙarawa, ka gwada makullin gefe ka ga yana kamawa. Masu walda ma suna haɗa irinsa da tsofaffin ƙarafan mota a farashi mai sauƙi. Ka sa a auna gefe biyun a sikeli a gabanka, don wanda ya rinjaya gefe ɗaya kafaɗa yake ɓatawa. Na siminti da samari ke zubawa a gwangwanin madara yana aiki, har ranar da ya tsage a kan yatsan ƙafa.

Robar ja, wadda ake takawa ana ja, ta fi dacewa da mata da matafiya: ba nauyi, tana shiga jaka, ana yi a cikin ɗaki ba wanda ya gani. Maƙiyinta zafin garin nan ne. A watan Afrilu, lokacin da awon zafi ke haura 40, robar da aka bari a rana ko a cikin mota takan bushe ta tsage, in ta tsinke kuma fuska take nema. Wadda aka saƙa da zare ta fi jurewa. Ja ta a gaban mai kaya ka duba ko akwai ƙananan tsaga.

Abin shimfiɗa ba sai an wahala ba, bargo a kan tabarma ya isa. Tsugunawa da miƙewa, irin wadda malamai ke sa mu muna kama kunne a firamare, ita ce uwar aikin cinya. Ashe gata suke yi mana ba mu sani ba.

Abin da ba zan ce a saya ba shi ne ɗamarar rage tumbi da shayin rage ƙiba. Ɗamarar zufa kawai take fitarwa, ka sha ruwa nauyin ya dawo, a Sakkwato kuma wa ke neman ƙarin zufa? Shayin, da yawansu ganyen filasko ne ko danginsa, gudawa ce ake sayar maka a kwali. Kitsen ciki ba ya narkewa don an matse wurin, yana raguwa ne tare da na sauran jiki, in aka rage lemon kwalba da sukarin fura aka ƙara wake, ƙwai da nono. Mai jego, musamman wadda aka yi wa aiki, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, su fara jin ta bakin likita.

Lokaci ma yana cikin lissafi: da bazara, bayan asuba ko bayan isha'i, da azumi, bayan tarawihi.

Da Yaya ya tambaye ni tun farko, da na ce masa ya ɗauki jarka biyu da robar ja, ya sayi takalmi mai taushin ƙasa a Babbar Kasuwa, ya yi wata uku a haka, in ya ɗore sai a yi maganar keke. Injin nasa dai yana nan, ya ce in na samu mai saye ko da rabin kuɗi in turo shi.