Soyayya a bakin tanda: sharhin littafin sauraro na mat'am ɗin Jidda

Littafin nan da ake ta turawa a zaurukan WhatsApp na matan Jidda da Makka, na saurare shi daga farko har ƙarshe. Kashi 34 ne, kowanne tsakanin minti 20 zuwa 25, wato kusan awa 13 ke nan. Labarin wata budurwa ce da mahaifinta ya kwanta jinya, nauyin ƙaramin mat'am ɗinsu, wato gidan abinci, na unguwar Hindawiyya a Jidda ya dawo wuyanta. Sai aka kawo musu sabon kuku, saurayi da ya yi shekaru a hannun wani mu'allim, wato gwanin girki, ɗan Yaman mai mandi, shinkafa da naman da ake dafawa a rami. Ita tana wajen kuɗi da odar waya, shi yana bakin wuta. Marubuciyar ta san kicin ciki da bai, kuma da aikin kicin ɗin ta ƙulla soyayyar. Duk inda ta riƙe gaskiyar aiki labarin ya zauna daram, inda ta sake ta kuwa ya yi sako-sako.

Kashi na 6 ya fi kowanne daɗi a wurina. An jiƙa shinkafar Masar kilo uku tun la'asar, tunda ita ce ke maye mana gurbin shinkafar tuwo a nan, aka markaɗa da 'yar dafaffiyar shinkafa da albasa, aka zuba yis aka rufe. Cikin dare mukayyif ɗin kicin, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya mutu. Da asuba budurwar ta tarar ƙullin masa ya tashi ya tumbatso, ya koma ya kwanta, tsami na dukan hanci tun daga ƙofa. Duk mai sana'ar masa a Jidda ta san wannan tashin hankali. Ƙullin da zai kwana lafiya a Kano lokacin hunturu, a zafin nan awa uku zuwa huɗu sun ishe shi, daga nan sai sallaja, wato firji. Saurayin bai ce mata komai ba. Ya jiƙa kanwa ya tace, ya riƙa ɗiga ruwan kaɗan-kaɗan yana bugawa da ludayi, ya ƙara sukari, ya gwada a gurbi ɗaya na tanda. Ta farko ta sha mai ya ajiye ta gefe, ta biyu ta tashi da huda-huda a cikinta, bakinta ya yi ja, ita ya ɗora a faranti ya tura gabanta. Marubuciyar har ta kawo dalilin ɗigawa a hankali: kanwa in ta yi yawa masar sai ta canja launi, ta yi warin kanwa, ba kuma mai mayar da ita. Babu kalmar so ko ɗaya a kashin nan, amma mai sauraro ya gama gane inda zuciyar kowa ta karkata.

Haka nan cunkoson bayan sallar isha'i. Odar manhajojin kai abinci na HungerStation da Jahez na faɗowa a jere, mandub uku, wato masu kai saƙo, na tsaye a bakin ƙofa, takardar fatura, wato rasit, ta ƙare a na'ura, wani bawan Allah yana gardama kan harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun watan Yulin 2020. Ranar da ma'aikatan baladiyya, wato hukumar birni, suka shigo ma an bi abin a tsare: shahadar lafiya ta kowane ma'aikaci, kwanan wata a jikin robobin miya, sanyin sallaja kada ya haura digiri 5, ɗanyen nama a ƙasa dafaffe a sama don kada jini ya ɗiga a kai, sai lissafin kalori a takardar abinci, wanda ya zama dole tun 2019. A nan ne aka ci su tara saboda robar dakkus ɗaya, wato miyar tumatir da barkono, da ba kwanan wata, kuma faɗan budurwar da saurayin na farko a kan wannan roba aka yi shi.

Akwai dattijo mai tsire, abin da mutanen Hijaz ke kira sire. Budurwar tana ce masa Baba, yana ce mata ɗiyata, saurayin kuma bai taɓa jin wani suna daga bakinsa ba sai yaro. Yadda yake fere nama siriri, ya tsoma a man gyaɗa, ya birkiɗa a garin ƙuli-ƙuli da citta da barkono, ya kafa tsinkayen kewaye da garwashi don hucin wuta ya gasa su ƙulin bai ƙone ba, duk daidai ne. Na so a ce an ba shi fili fiye da haka.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne mandi, abin da aka ce saurayin ya ƙware a kai. A kashi na 19 ya saka rago a rami, bayan minti arba'in ya fitar wa baƙin walima, a tsakani ma ya buɗe sau biyu yana leƙawa. Ba a yin haka. Itace kaɗai yana ɗaukar sama da awa kafin ya zama garwashi. Tukunyar shinkafa da ruwanta da kayan ƙamshi ake zaunarwa a ƙasa, nama a sama a kan raga don kitsensa ya riƙa ɗiga cikin shinkafar, sannan a rufe bakin ramin a liƙe da laka ko jiƙaƙƙen buhu da yashi. Naman rago yana son awa biyu da rabi zuwa uku a rufe, kaza ce ke nuna a wajen awa ɗaya da ɗoriya. Da zarar an buɗe, turiri ya gudu, iska ta shiga garwashi ya ruru, sai nama ya ƙone ta waje ya bar jini a jikin ƙashi. Wanda ya koyi aiki a hannun Bayamane ba zai yi wannan ba, kuma a daren ne ake son mu yarda ya burge mahaifinta.

Ƙarshen labarin shi ma an yi masa gaggawa. Cikin kashi biyu saurayin ya bar kafilinsa na da, wato wanda takardun aikinsa ke ƙarƙashinsa, ba wata maganar canjin kafala, sannan suka buɗe reshe da sunan wani maƙwabci ɗan ƙasa, ana ta guɗa. Wannan shi ne tasattur, wato baƙo ya ɓoye kasuwancinsa a bayan sunan ɗan ƙasa, kuma dokar Saudiyya ta 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai riyal miliyan biyar. Matasanmu ne ke sauraron littafin nan, wasunsu da burin buɗe nasu wurin. Ya kamata ko da baki ɗaya ne wani a cikin labarin ya ja musu kunne.

Mai karatun muryarta na da sanyi, ba ta gudu, kuma ta iya raba muryoyi: ta Baba a ƙasa da 'yar shaƙewa, ta budurwar da sauri-sauri in ranta ya ɓaci. Larabcinta ma na mazauniya ne, ba ta murɗe kalma. Matsalarta guda, da alama ba ta fara bin rubutun da ido kafin ta naɗa. An buga shi a waya babu haruffa masu lanƙwasa, rubutun Hausa kuma ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Shi ya sa a kashi na 11 ta karanta gashin nama kamar gashin kai, a wani wurin baƙin da suka cika tebur suka zama baki, miyar kuka kuma ta fito da karin kukan hawaye. Sau da yawa takan gane ta maimaita jimlar, amma ba a yanke kuskuren ba. Daga kashi na 22 zuwa na 25 akwai ƙugin mukayyif a bayan murya, sai kiɗan buɗewa da ya fi karatun ƙarfi nesa ba kusa ba. Mai sa abin kunne ya rage sauti kafin kowane kashi ya fara.

Fayil ɗin asali awa ɗaya ba ta wuce megabait 30 ba, littafin duka bai kai 400 ba, waya mai ƙaramin wuri ma za ta ɗauka. A nemi wannan ɗin. Wanda aka sake naɗa da muryar WhatsApp ya dusashe, kuma an cakuɗa jerinsa, na 14 ya riga na 13 zuwa. A sauke su a jaka guda a sa musu lamba 01, 02, 03, in ba haka ba waya za ta kawo na 10 bayan na 1. Ƙarin sauri zuwa 1.25 bai ɓata komai a wuraren hira, amma kashi na 6 da na ranar baladiyya a bar su a yadda ta karanta.