Sharhi kan haɗa Amazon S3 da Trino da Iceberg

Tun da muka kwashe bayanan cinikin kamfaninmu daga HDFS, wato tsarin ajiyar fayiloli na manhajar Hadoop, zuwa Amazon S3, ma'ajiyar bayanai ta kamfanin Amazon a intanet, muka ɗora manhajar Trino a kansu domin yi musu tambayoyi da SQL, yaren tambayar rumbun bayanai, abin da ya fi gamsar da ni shi ne rabuwar ajiya da sarrafawa. A tsarin Hadoop ana ajiye kowane guntun fayil sau 3 a injina daban-daban, don haka duk lokacin da wuri ya cika sai an ƙara sabon inji, ko da kuwa ƙarfin sarrafawar da ake da shi ya wadatar. Yanzu bayanan suna zaune a S3, wanda Amazon ya ce an tsara shi bisa ɗorewar kashi 99.999999999 cikin ɗari, mu kuwa muna kunna injinan Trino da safe, mu kashe su idan aiki ya lafa.

Sai dai duk wanda ya ɗauki S3 tamkar faifan kwamfuta zai sha mamaki. A S3 na gama-gari ba a canza wa fayil suna kai tsaye. Kwafa ake yi, sannan a goge na asali, alhali tsofaffin teburan Hive, manhajar da ke tsara bayanan Hadoop a matsayin tebur, da wannan canjin suna suke tabbatar da cewa rubutu ya kammala. A nan ne Apache Iceberg, wani tsarin kula da teburan bayanai wanda aka fara ginawa a Netflix, ya nuna amfaninsa, domin yana riƙe da jerin fayilolin da suka haɗu suka zama tebur a kowane lokaci, ta yadda mai karatu ba ya ganin rubutun da bai ƙare ba, ana kuma iya komawa a duba tebur kamar yadda yake jiya. Ya kamata a yaba wa S3 ma, domin tun watan Disamba na 2020 abin da aka rubuta ana ganinsa nan take.

Ƙananan fayiloli su ne ƙaya. Kowace buƙata da aka aika wa S3 tana da kuɗinta da ɗan jinkirinta, saboda haka mukan dunƙule dubban gutsattsarin fayilolin bayanai nau'in Parquet su koma manya kowane dare, kuma bambancin sauri a bayyane yake. Haka nan fitar da bayanai zuwa waje yana cin kuɗi, shi ya sa muka ajiye injina a yanki ɗaya da ma'ajiyar.

Ga rahotanni da nazarin tarin bayanai, ina ba da shawarar wannan haɗin. Manhajar da ke buƙatar amsa cikin ƙiftawar ido kuwa, mun bar ta a kan rumbun bayanai na Cassandra.