Injin ɗaga kaya mai batir a Maradi: ƙarfinsa ya gamsar, cajinsa ya wahalar

Shekara guda da ƴan watanni ke nan da muka sayi injin ɗaga kaya mai aiki da batir, wanda direbobinmu ke kira shariyo, domin magazin da nake kula da shi a Maradi, inda muke sauke shinkafa da sukari, mu kuma loda wake da riɗi da aya. Na ga ya dace in bayyana abin da na gani, saboda ƴan kasuwa da dama suna tambayata tan nawa yake ɗauka, alhali ba a nan matsalar take ba.

A takarda, injin yana ɗaukar tan 2.5 ya kai shi tsayin mita 4.5, kuma batirinsa na dalma da asid ne mai ƙarfin bolt 48, wato gida 24 kowanne bolt 2. Amma tan 2.5 ɗin nan yana da sharaɗi: sai tsakiyar nauyin kayan bai wuce santimita 50 daga gindin yatsun ƙarfen da yake ɗaukar kaya da su ba, kuma da zarar an miƙa kaya can sama ko an ɗauki dogon falet, wato katakon da ake jera kaya a kai, abin da zai iya ɗauka yana raguwa, kamar yadda aka rubuta a allon da ke jikinsa. Wajen aiki ban da ƙorafi. Ba ya hayaƙi, don haka buhunan abinci ba sa ɗaukar warin gazuwal, ba ya ƙara, yana kuma juyawa a ƙuntataccen wuri. Tayoyinsa dai na daɓen siminti ne, kuma duk wanda ya san rairayin garin nan ya san ba za a fita da shi tsakar fili ba tare da ya kafe ba.

Wahalar ta fara tun ranar da aka kawo shi, domin cajarsa tana buƙatar kuran mai layi uku na bolt 380, mu kuwa mai layi ɗaya ne da mu, kuma wanda ya sayar mana bai taɓa tambayarmu ba. Sai da muka sake jan waya kafin injin ya fara aiki sosai.

Irin wannan batir yana da ƙa'ida: kimanin awa 8 na aiki, awa 8 na caji ba yankewa, sannan awa 8 na hucewa, kuma ba a barinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Namu mai amfer-awa 625 ne, wato yana riƙe kilowat-awa 30, saboda haka ba abin da za a cika cikin sa'a biyu ba ne. To, wutar Maradi daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, kuma kowa na tuna yadda aka yanke ta daga Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024. Ko a lokacin da take nan, idan ta ɗauke tsakar dare ko layi ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, cajar takan tsaya, da safe mu tarar batirin bai cika ba, ga kamiyo a ƙofa yana jiran lodi. Haka muka riƙa aiki da rabin caji na tsawon makonni, ba mu san cewa batirin dalma idan ya daɗe bai cika ba wani farin gishiri yana daskarewa a farantansa, ya rage masa ƙarfi ba. Injin da ke yini yana aiki ya koma kasawa kafin azahar.

Zafi ya ƙara dagula lamarin. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, batirin yana shiga caji da zafinsa, cajin kuma ya ƙara masa wani, ruwansa ya riƙa ƙafewa da sauri. A nan kuskuren namu ne: wani ma'aikaci ya cika shi da ruwan famfo, kuma kafin caji, alhali tataccen ruwan batir ake zubawa bayan an gama caji, domin ruwan yana tasowa ya yi ambaliya ya tafi da asid. Da hunturu kuma ƙura takan toshe fankar cajar har ta kashe kanta saboda zafi. Akwai kuma abin da na fi jin tsoro, wato iskar haidirojin da batirin ke fitarwa a ƙarshen caji, wadda ke kama wuta idan ta taru, shi ya sa muka mayar da wurin cajin rumfa mai iska, muka hana shan taba da walda kusa da ita.

Yanzu muna cajinsa da dare bayan ya huce, gurup, wato injin ba da wuta, na jiran ko-ta-kwana, muna duba ruwansa kowane mako, muna kuma ba shi dogon caji na daidaita gidajensa. Ya ɗan farfaɗo, amma bai koma yadda yake ba, kuma canza batirin da nauyinsa ya kai kusan tan guda ba ƙaramin kuɗi ba ne. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai sayarwar ba shi da makaniki a garin nan, duk tambaya sai ta waya.

Wanda ke da daɓen siminti, kuran mai layi uku da gurup mai ƙarfi, zan ce ya saya, amma ya nemi farashin mai batirin lisiyom tukuna, domin shi ba a zuba masa ruwa, kuma yana jure gajeren caji a lokacin hutun rana. Da na san haka tun farko, da shi na nema, ko da ya fi tsada.